Ita Munya, Ni Salwa

Tun kafin in fara, ga roƙona: duk wadda ta san za ta rubuto mini cewa "ai wasa ne kawai, Rihab," ta riƙe abinta. Mama ta faɗa, ƙawayena sun faɗa, ni ma na faɗa wa kaina a gaban madubi ya fi sau ashirin. Bai yi mini maganin komai ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da huɗu, ina koya wa 'yan aji uku Larabci a wata firamare da ke unguwarmu, Anfushi, a Iskandariyya. Gidanmu a hawa na huɗu yake, idan ka tsaya a barandar kicin ka karkata wuya za ka hango teku tsakanin gidaje biyu. Baba injin jiragen masunta yake gyarawa. Mama tela ce, rabin amaren layinmu a hannunta suka sa riga. Hazim kuma shi ne wanda aka shirya iyayensa za su zo yau Juma'a a karanta mana Fatiha a sa rana. Da safe injiniya ne a tashar jiragen ruwa, da yamma shi ne daraktan 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. A can muka haɗu shekara ɗaya da rabi da suka wuce, ranar da ya ce mini ina magana kamar mai tsoron kada bango ya ji.

Bana ya ce tsohon wasa za mu yi, irin mai baitoci, wanda mahaifin Ustaz Wajdi ya rubuta tun kakata tana budurwa. Ustaz Wajdi tsohon malamin adabi ne, ya haura saba'in, kullum cikin kwat mai ruwan toka ko da ana zafin da kwalta ke narkewa. Ranar karatun farko muka zauna a da'ira kan kujerun roba, Hazim ya raba mana takardu, sannan ya nuna wata da ke zaune a gefensa.

"Wannan Narmin ce, tare muka yi jami'a. Daga Alƙahira ta zo ta taimaka mana."

Farin wando, riga ruwan zuma, mayafi ɗan siriri da ta yafa kamar ba ta damu da shi ba, ga wani turare da ya cika ɗakin ba tare da ya yi hayaniya ba. Ni kuwa daga makaranta na wuto, da alli a hannun rigata. Na yi mata murmushi, na ce sannu da zuwa. Allah ya sani a lokacin zuciyata ɗaya.

Ustaz Wajdi ya buga sandarsa a ƙasa ya ce kafin kowa ya buɗe baki sai ya ji sunansa tukuna.

"Mutanen da can ba sa ɓata wa 'yan kallo lokaci. Da an kira mutum a dandamali an gama gaya maka halinsa. Namu haka suke, na mutanen tsallaken teku ma haka. Suna shi ne riga ta farko da ɗan wasa yake sawa. Waye Manna'u a nan?"

Ra'afat mai aski ya ɗaga hannu.

"Manna'u, mai hanawa. Uban yarinya ne, marowaci. Ko ruwa ka roƙe shi sai ya yi tunani."

"Shi ya sa aka ba shi," in ji wani daga baya. "Shekara biyar muna tare bai taɓa saya wa kowa shayi ba."

"Ina aske maka wannan ƙaton kan kyauta, shayin me kuma?" in ji Ra'afat.

Aka yi dariya. Ustaz ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ummu Lisan, uwar harshe, ita ce maƙwabciya mai kai gulma gida-gida. Alƙali Adil shi kaɗai aka sa wa suna don a yi masa dariya, domin da kaza biyu ake sayen hukuncinsa. Garib, wato baƙo, shi ne matuƙin jirgin da ba shi da wurin zama, kuma Hazim ne da kansa zai fito a matsayinsa. Labarin gajere ne: Garib yana son 'yar Manna'u, uban ya hana, ya shiga teku shekara bakwai, da ya dawo ya tarar ta yi aure, sai ya auri 'yar maƙwabta da ta daɗe tana jiransa.

"'Yar Manna'u sunanta Munya," in ji Ustaz. "Abin da zuciya ke buri. Abin da kake kwana kana roƙon Allah ya ba ka."

Narmin ta ɗan sunkuyar da kai tana murmushi. Na duba takardata. A saman shafin Hazim ya rubuta da jan biro: Rihab, Salwa. Wato ni ce 'yar maƙwabtan.

"Ustaz, Salwa fa?"

Kada ku yi mini dariya. Malamar Larabci ce ni, na san ma'anarsa tun ina aji huɗu. So nake wani ya ba ni wata ma'ana daban.

Tsohon ya kalli Hazim, ya kalli ƙasa.

"Salwa ita ce abin da ake rarrashin zuciya da shi bayan ta rasa abin da take so."

"Kamar alewar da ake ba yaro don ya bar kuka ke nan," in ji Ra'afat.

Aka sake dariya. Har da ni.

Da na koma gida ko takalmi ban cire ba na nemo shafin Narmin a waya. Na yi ta ja baya, hotunan talla, hotunan biki, hotunan cin abinci a bakin kogi, har na kai shekara huɗu baya. Ga su nan ita da Hazim a gaban ginin jami'a. Na buɗe hoton da yatsu biyu, na ƙara buɗewa. Zobe a hannunta na dama, zobe a nasa. A wajenmu wannan ba ya nufin komai sai baiko.

Na rubuta masa: Ba ka taɓa gaya mini an yi maka baiko ba.

Ya amsa: Wata huɗu ne kawai. Ya wuce tuntuni.

Da wa?

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na zauna a bakin gado ina kallon ɗigon nan guda uku kamar su ne za su yanke mini hukunci.

Tunda kika tambaya ai kin sani. Gobe mu yi magana.

Washegari a kan hanyarmu ta hawa tarago, jirgin ƙasan cikin gari, ya ba ni labarin a jimla huɗu. Mahaifinta ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da gida ba. Ta tafi Alƙahira. Ba su sake magana ba sai bana. Ya kira ta ne saboda Munya tana da waƙa biyu a wasan kuma babu mai muryar a cikinmu.

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan, Rihab. Ke zan aura. Me kuma kike so in ce?"

Na ce babu komai. Na ce na fahimta. Har na tambaye shi ko ya ci abinci.

Amma daga ranar, bita ta zame mini azaba. Akwai wurin da Garib yake riƙe bakin mayafin Munya yana mata bankwana. Ni a lokacin ba na kan dandamali, ina tsaye bayan labule da tulu a hannu ina jiran shigata. Sau nawa suka maimaita wurin nan? Na ƙirga ran Asabar ɗaya: sau tara. Nawa da shi kuwa, inda nake zuba masa ruwa ya wanke gishirin teku daga hannunsa, sau biyu muka yi ya ce, "Ya yi kyau, mu wuce." Ku gaya mini, idan ke ce me za ki ɗauka? Ko dai na iya ne, ko kuma ba ya son tsayawa a wurin.

A gida kuma wata wutar ce daban. Mama ta cire labulen falo ta wanke, ta sa Baba ya sake wa ƙofa fenti, ta ɗinka mini riga ruwan hoda mai dogon hannu da ƙananan duwatsu a wuya. Kullum maganarta ɗaya: "Da an karanta Fatiha kin bar wannan tsalle-tsallen a gaban jama'a." Baba ba ya cewa komai, sai dai na lura ya fara sa hannu a kafaɗar Hazim idan sun haɗu a masallaci. Baba ba ya taɓa mutum haka kawai.

Mama ce take ɗinka wa ƙungiyarmu kayan wasa, saboda haka ran Alhamis ta makon jiya Narmin ta hawo hawa huɗun nan ta zo awo. Ta shigo da kwalin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, ta sumbaci Mama a kumatu biyu, ta yaba labule, ta yaba keken ɗinki, ta ce irinsa kakarta take da shi. Kafin minti goma Mama ta zuba mata shinkafa da miyar lalo tana cewa, "Ci, 'yata, kin rame, mutanen Alƙahira ba sa ba ku abinci ne?"

Hazim ne ya rako ta, yana zaune a falo da Baba. Na shiga kicin in haɗa musu shayi, ta biyo ni wai ta taya ni. Na ɗebi sukari zan zuba a kofinsa.

"Har yanzu cokali ɗaya da rabi yake sha?" in ji ta. "Da can idan aka cika biyu sai ya ajiye kofin ya yi shiru, ba zai ce komai ba."

Shekara ɗaya da rabi ina zuba masa biyu. Kuma sau da yawa yakan bar rabin kofin.

"Yanzu biyu yake sha," na ce.

"To, mutane suna canzawa," ta ce, ta ɗauki faranti.

Ba ta faɗa da mugunta ba. Da ta faɗa da mugunta ma da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da na jima ina kewayewa. Mama ce take awo da tef, ni nake rubutawa. Ta ce ƙirji kaza, na rubuta. Ta ce ƙugu kaza, na rubuta. Bayan sun tafi na koma kan takardar, na goge, na rage yatsu uku a ƙirji, uku a ƙugu. Rigar Munya koriya ce, ta siliki mai sheƙi da zaren zinariya a hannu. Tawa ta Salwa ruwan ƙasa ce, da ɗan majanyi a ƙugu irin na masu aikin gida. Na kalli yadin nan biyu a kan tebur na ji ban yi laifin komai ba.

Ran Talata aka yi bita da kaya. Mama ta zo da kanta da allura a bakin mayafi, kamar yadda ta saba. Narmin ta shiga bayan labule da koriyar riga, aka jira, aka jira. Can ta fito ta riƙe bayan rigar da hannu.

"Anti, kamar ba ta rufuwa."

Mama ta ja, ta ce ta ɗauke numfashi, ta sake ja. Sai muka ji ɗinkin ya yage tun daga hammata har ƙugu, a gaban mutum goma sha biyar.

"Basbusa ce," in ji Ra'afat. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Wata daga cikin matan ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ido ne, shekaru sun fara ja." Na ga kunnen Mama ya yi ja. Narmin kuwa ta dafa ta ta ce, "Laifina ne, Anti, ina jin na tsaya a karkace ranar awo." Hazim ya cire kwat ɗinsa ya miƙa mata ta rufe jikinta. Abin da na samu ke nan: ita da kwat ɗinsa a kafaɗa har aka tashi.

Muka hau tarago ni da Mama. Sai da muka shiga gida, ta rufe ƙofar ɗakin ɗinki, ta ɗauko takardar ta ɗaga ta saitin taga. Wurin gugar ya fito sarai.

"Shekara talatin ina wannan aikin ban taɓa yanka yadin mutum ba daidai ba. Yau a gaban mai aski aka ce idona ya mutu."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Me ta yi miki?"

Na gaya mata komai, zoben, shayin, sunan. Ta saurara tana warware ɗinkin da reza.

"Kowane namiji akwai wadda ya so kafin ke. Ubanki ma akwai wata 'yar mai gidan burodi, har yau idan muka wuce layinsu sai ya gyara hula. Ni ce a gidan ko ita? Yaron nan yana da aiki, yana salla, ba ya ɗaga murya. Ki rufa wa kanki asiri. Suna a takarda zai hana ki aure?"

"Ba a takarda kawai ba ne."

"To a ina?"

Ta miƙo mini rigar ta ce ni zan ɗinke ta da hannuna, kuma idan ta ga zare ɗaya a karkace zan sake.

Ran Laraba bayan an tashi makaranta na tafi gidan Ustaz Wajdi. Na ce masa akwai baitin da ban gane ba. Ƙarya ce. Kallon da ya yi wa Hazim ranar karatun farko ne ya ƙi barina. Ya sa 'yarsa ta kawo mini ruwan lemon tsami da ƙanƙara, ya zauna yana dubana ta saman tabarau.

"Wane baiti?"

"Ustaz, me ya sa mahaifinka ya sa mata Salwa? Ita ce ta jira shi shekara bakwai. Ita ce take kai wa uwarsa abinci. Ladanta ke nan, a kira ta alewar rarrashi?"

Ya tashi ya buɗe wani akwati ya ɗauko littafi mai bangon fata, takardunsa sun yi ruwan shayi. Ya buɗe shafin farko inda aka jera sunaye, ya juyo mini da shi. Garib. Manna'u. Munya. Na sa yatsa ina bi. A layin 'yar maƙwabta ba Salwa ba ce.

Sakina.

"Natsuwa," in ji shi. "Wurin da mutum yake sauke kaya ya zauna. Duk wasan a kan wannan aka gina shi, 'yata. Mutum sunansa Baƙo, ya bi buri ya sha wuya, a ƙarshe ya sami gida. Ranar da aka fara nuna shi, mahaifiyata ta ce da an kira sunan yarinyar mata suka fara guɗa, don sun san ita ce ƙarshen tafiyarsa."

"To wa ya canza?"

"Hazim ne ya karɓi littafin ya buga a na'ura. Da ya dawo mini da shi na ga Salwa. Na yi masa magana, ya ce haka ya fi masa daɗi a baki."

"Wataƙila kuskure ne wajen bugawa."

Ni ce fa nake nema masa mafita. Ustaz ya girgiza kai.

"Sakina da Salwa ba nauyinsu ɗaya ba a waƙa. Sai da ya gyara baiti goma sha ɗaya kafin sabon sunan ya zauna. Gyara mai kyau kuwa, ban ƙi ba. Amma ya zama wani wasan daban. A na mahaifina mutumin ya isa gida. A nasa haƙuri kawai ya yi."

Baiti goma sha ɗaya. Na yi masa sallama na fito.

Jiya Alhamis na rubuta masa cewa ina son ganinsa bayan la'asar, a bakin teku wajen da masunta suke shanya raga. Ya zo da masara gasasshiya guda biyu, ya miƙo mini ɗaya, fuskarsa a sake. Ya ce mahaifiyarsa ta sayi kayan zaƙi, kunafa har tire biyu, ya ce kawunsa zai taso daga ƙauye da asuba.

"Me ya sa ka canza mata suna?"

"Wa?"

"Sakina."

Ya bar tauna. Ya kalli masarar da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi riƙo.

"Ustaz ne ya nuna miki."

"Ni na je na tambaya. Yaushe ka canza?"

"Shekara uku ke nan. Tun kafin in san ki, Rihab. Wallahi tun kafin in san akwai ki."

"Bayan ta tafi Alƙahira."

"E."

"Me ya sa?"

Ya zauna a kan katangar bakin teku, ya ajiye masarar a gefe. Abu ɗaya da ba zan taɓa ƙwace wa Hazim ba shi ne ba ya iya ƙarya. Da ma ya iya.

"A lokacin na karanta wasan na ji tsohon ya yi wa mutane ƙarya. Na ce babu wanda yake rasa abin da yake so sannan ya sami natsuwa. Na ɗauka duk macen da zan aura daga baya, iyakarta ta ɗebe mini kewa. Haka na ji a lokacin, shi ya sa na rubuta."

"Bana da ka ɗauko takardun ka ga sunan?"

"Na gani."

"Ka ɗauki jan biro ka rubuta sunana a gefensa."

"Ban yi tunanin..."

"Kai ne ka zaunar da mu Ustaz ya gaya mana cewa suna shi ne riga ta farko. Kana zaune a wurin."

Wani masunci ya wuce da kwando a ka yana kallonmu.

"To yanzu fa?" na ce. "Bar shekara uku. Yau, Alhamis, gobe iyayenka za su hau benenmu. Wace ce ni a cikin biyun?"

'Yan uwa, da ya ce Sakina nan take, ko da bai kai zuci ba, da na karɓa. Na rantse da na karɓa na tafi gida na goge rigata. Amma ya buɗe baki ya rufe. Ya shafa goshi. Igiyar ruwa ta bugi dutse sau uku ina ƙirgawa.

"Ina son ki, Rihab. Idan ina tare da ke hankalina a kwance yake."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Zan mayar da sunan. Yau ɗin nan zan gyara baitocin, in tura wa kowa."

"Bar shi yadda yake. Kai ka rubuta, kuma gaskiyarka ka rubuta."

Na ajiye masa masarata kusa da tasa na tafi. Ya kira sunana sau ɗaya. Bai biyo ni ba.

Na isa gida rana ta yi sanyi amma ba a kira magariba ba. Gidan yana ƙamshin fenti da turaren wuta. An aro kujeru shida daga maƙwabta an jera a falo. Rigata ruwan hoda tana rataye a ƙofar ɗaki, Mama ta goge ta ta lulluɓe da leda. Baba yana zaune yana goge baƙin takalminsa na zuwa ɗaurin aure, ya shimfiɗa jarida a ƙasa.

"'Yar albarka, kin dawo? Ƙarfe nawa ya ce za su iso, bayan Juma'a ko bayan la'asar? Uwarki ta ce in tambaya saboda kifi."

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ina so ka kira mahaifinsa ka ce su dakata."

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Rihab, shiga ɗaki."

"Bar ta," in ji Baba. Ya ajiye burushin. "Ya yi miki wani abu?"

"A'a."

"Ya zage ki? Kin kama shi da wata?"

"A'a, Baba."

"To mene ne?"

"Na tambaye shi wata tambaya bai iya amsawa ba."

"Saboda suna ne fa," in ji Mama. "Saboda sunan wasan kwaikwayo za ta kunyata mu. An aro kujeru, duk bene ya sani. Me zan ce wa mutane?"

Baba ya daɗe yana kallona. Hannayensa duk baƙin man takalmi.

"Tambayar tana da nauyin da za a mayar da dattijo daga hanya?"

"Tana da shi."

"Ki sani, idan na kira, ba allon makarantarku ba ne da za ki goge gobe ki sake rubutu. Mutanen nan suna da zuciya. Wataƙila ba za su sake hawo benen nan ba."

"Na sani."

"Kuma kina son yaron."

Nan ne hawayen suka zo. Na gyaɗa kai.

"In kira?"

"Kira, Baba."

Ya goge hannu da jarida, ya ɗauki wayarsa ya fita baranda ya ja ƙofa. Mama ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun aron ta rufe fuska da mayafi. Ta cikin gilashi ina ganin Baba ya kara wayar a kunne, ya dafa ƙirji yana gaisuwa.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Na ɗauka maƙwabciya ce ta kawo ƙarin kofuna. Na share ido na buɗe. Narmin ce, tana haki saboda bene, babu kwalliya, babu turare, mayafin ma a karkace.

"Daga wurina Hazim yake," ta ce. "Ya roƙe ni wani abu, kuma gara ki ji daga bakina kafin ki ji daga nasa. Zan iya shigowa?"

Na waiwaya. Baba yana magana a waya, Mama ta ɗago kai tana kallonmu.

Na matsa gefe na ba ta hanya.